Gidaje masu rangwame da ƙaruwar jama'a a Kalgo

Assalamu alaikum. Masu girma iyayen ƙasa, malamai da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Abin da zan yi magana a kai shi ne yadda jama'a ke ƙaruwa a garin Kalgo, da irin gidan da ya dace hukuma ta tallafa wa mutane su samu.

Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 Birnin Kebbi take faɗaɗa, kuma bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke nan Kalgo, sai wannan gari ya fara karɓar baƙin da bai saba gani ba: ɗalibai, ƙananan ma'aikata, direbobi, masu sayar da abinci da 'yan kabu-kabu. Ga kuma ƙaruwar cikin gida, domin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma mace kan haifi 'ya'ya fiye da shida a tsawon rayuwarta. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, wato duk wanda ke tsara gidaje a yau yana aiki ne da alƙaluman da suka girmi jami'ar kanta.

Tsarin tallafin da muke da shi an gina shi ne a kan ma'aikacin albashi. Dokar Asusun Gidaje ta Ƙasa ta 1992 ta tanadi a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, sannan ya nemi rance daga Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya da ruwa na kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. Manomin shinkafa da ke samun kuɗinsa bayan girbi ba shi da takardar albashin da zai nuna, kuma da yawa daga cikin masu albashin ma suna ƙyamar rancen saboda riba, alhali akwai hanyoyin da ba su da ruwa da bankunan Musulunci ke amfani da su, irin su murabaha (banki ya sayi gida ya sayar wa mutum a kan farashin da suka amince) da ijara (banki ya ba mutum hayar gida).

Sai kuma fasalin ginin. Tun daga gidajen da ake kira na Shagari a farkon shekarun 1980, abin da aka saba ginawa shi ne ɗaki biyu ko uku da falo, ba zaure, ba tsakar gida mai faɗi. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma, ga tsohuwarsa, ga akuyoyi, idan ya shiga irin wannan gida, kafin a shekara za ka ga ya kewaye shi da katanga, ya tayar da ɗaki a wurin da aka bar wa magudanar ruwa, damina kuwa ba ta yafe wannan.

A ganina, kuɗin da za a kashe wajen gina gidaje kaɗan da za su ƙare a hannun masu uwa a gindin murhu, gara a kashe su wajen yanka fuloti a kan tudu nesa da fadama, a fitar da hanyoyi da kwalbati, a haƙa rijiyar burtsatse, a ba mutum takardar mallaka cikin sauƙi, ya riƙa aza bulo gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda mutanenmu suka saba gini. Dokar Filaye ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, saboda haka aikin ba ya jiran Abuja. Ɗalibai da ma'aikata marasa aure kuwa ɗakunan haya suke buƙata, kuma wannan fage ne da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata za su iya shiga, muddin an ware musu fili kusa da jami'ar kafin dillalai su riga su.