Jakar ko-ta-kwana: wacce za ku goya idan ruwa ya shigo gida?

Masu kallo, a daminar 2024 ambaliya ta datse titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Wanda ruwa ya tasa da tsakar dare, abin da bayansa ya ɗauka shi ne nasa. Shi ya sa yau na baje jakunkunan goyo uku a kan tabarma, duk samfurin sojoji.

Wannan ƙaramar lita 24 ce, ta wuni ɗaya: ruwa, tocila, magani, shi ke nan. Ta tsakiya lita 37. Babbar kuwa lita 55, girman RUSH 72 ta kamfanin 5.11, wadda aka yi don kwana uku.

Ido zai so babbar, amma baya ne zai biya. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma masu doguwar tafiya a ƙasa suna cewa kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jiki. Mai kilo 60, kilo 12 ne rabonsa. Ni dai ta tsakiya na zaɓa. Ta ci gidan sauro, gishirin ORS, dabino, ƙuli-ƙuli, da takardun gida da katin NIN a ƙulle cikin leda, domin yawancin jakunkunan nan yayyafi kawai suke tarewa.

Ku matso ku ga yadin. Wannan 1000D ne, wato ma'aunin kaurin zarensa, kauri kamar tamfol, ga nauyi. Wancan 500D, ya fi sauƙi, kuma ya isa. Waɗannan igiyoyi da aka jera a jiki su ne MOLLE, tsarin sojan Amurka na rataya ƙananan jakunkuna. A jabu, yatsa ɗaya ke tsinka su. In za ku saya a gwanjon kasuwar Wunti ko Muda Lawal a Bauchi, ku ja zif sau goma, ku nemi tambarin kamfanin zif na YKK a jikinsa, ku juya jakar ku duba ɗinkin kafaɗa. Wadda ba ta da bel na ƙugu, ku ajiye wa mai ita.

Sai launi. Mai zanen kakin soja za ta jawo muku tambayoyi a shingen bincike. Ku ɗauki baƙa ko ruwan toka, ku loda ta, ku taka da ita daga Wunti zuwa Yelwa da rana tsaka, ku ji abin da kafaɗa za ta ce.