Lacca: Fara Ɗaukar Hoton 'Yan Keken BMX

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu huɗu na zo muku da su, in lokaci ya bari.

Na farko, ku san abin da za ku ɗauka. BMX ɗan ƙaramin keke ne mai taya inci 20. Yaran Kalifoniya a Amurka ne suka fara wasansa wajen farkon shekarun 1970, suna kwaikwayon masu tseren babur a turɓaya. Tserensa ya shiga gasar Olamfik a Beijin a 2008. Amma wanda ya dame mu yau, na fili mai tudu da gangara inda ake alkafura da keke, sai a gasar Tokiyo da aka yi a 2021 ya shiga. Logan Martin ɗan Ostareliya ya ci zinaren maza, Charlotte Worthington 'yar Birtaniya ta ci na mata. Minti ɗaya tak ake ba mahayi a kowane zagaye, ka ga ba wurin jinkiri ba ne.

Na biyu, a nan zan daɗe, ku yi haƙuri: lokacin latsa maɓallin kyamara. Ka jefa lemo sama ka kalle shi. Yana tashi da gudu, ya rage, can ƙoli ya yi kamar ya tsaya, sannan ya faɗo. To haka mahayi yake in ya bar bakin tudu. Wannan ɗan tsayawar, nan hotonka yake. A nan gudunsa na hawa ya ƙare, kyamara ba ta wahalar kama shi. A nan kuma salon da yake yi ke cika. Akwai salon da mahayi ke kwantar da keken a iska ya yi shafal, ƙafa na kan feda. In ka latsa kafin keken ya gama kwanciya, ka ɗauki mutum a karkace, kamar zai faɗi. Akwai wanda yake riƙe kan keken, ya shuri gangar jikin keken ta zagayo ta dawo ƙarƙashinsa. Shi wannan, ana son lokacin da keken ya yi nesa da ƙafafu, kowa ya ga babu abin da ke riƙe da yaron sai hannu biyu.

Wani zai ce, ai kyamarata tana ɗaukar hoto ashirin a daƙiƙa ɗaya, sai in danne kawai. Danne mana! Ka koma gida da hoto dubu, ka kwana kana gogewa, uwargida tana tambayar ko lafiya. (Dariya) Ban hana ɗauka a jere ba, amma wanda bai san salon ba, ko a cikin dubun ba zai gane na kirkin ba. Saboda haka ranar farko ka zauna ka yi kallo. Ka lura ta ina suke tasowa, ina suke dira. Ka tambayi mahayi, me za ka yi, ta wane gefe za ka juya? In ka ɗauka ka nuna masa. Shi zai ce maka ka yi sauri ko ka makara, kuma da wuya ya yi kuskure. Na ce ka nuna masa, a maimaita, ka nuna masa.

Sannan ƙasa ta fito a hoton. Bakin tudun da ya taso daga kai ya fito. In ka yanke shi, sai mutum da sararin sama kawai, wa ya san ko taku ɗaya ya tashi ko mita uku? Ka durƙusa, ko ka kwanta ma, rigarka ta sha ƙura, tsallen zai ƙara tsayi.

Na nawa muke? Na huɗu? To, na uku ke nan, saitin kyamara, a gurguje. Saurin ƙiftawa, wato ɗan lokacin da idon kyamara ke buɗewa ya rufe, ya kai 1/1000 na daƙiƙa in kana son sifokin taya su tsaya cak. In rana ta yi sanyi ka ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, kada ka rage saurin. In kuwa kana son baya ya yi dishi-dishi a ga gudu, sauko wajen 1/60 ka bi mahayin da kyamara. Fokas, wato inda kyamara ke kafa ido don hoto ya fito tar, ka sa mai bin motsi, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony. Kada ka tsaya a hanyar keke, kada ka ajiye jaka a gangara. Kuma a al'adarsu, salon da mahayi bai dira lafiya ba, ba a yaɗa hotonsa a ce ya yi.

Na'am, ƙanwata, ga hannu can.

(Tambaya: Malam, mu da waya kawai gare mu fa?)

Yauwa. Waya tana yi, amma da rana tsaka ko hantsi, don a duhu hoton zai jagwalgwale. Matsalarta ɗan jinkiri tsakanin latsawa da ɗauka. Ki ɗora yatsa a kan bakin tudun a allo, ki riƙe har fokas ya kulle, ki latsa tun yana tasowa, kafin ya kai ƙoli. Kada ki jawo hoton da yatsu biyu, ki matsa da ƙafarki, bayan kin tambayi mahayin inda zai dira. In wayar na da madubi mai faɗi, wanda aka rubuta 0.5, shi za ki sa. Kawo wayar nan in gani. Ana kiran salla? To, bayan salla ki same ni a bakin ƙofa, mu gwada da mai keken nan na waje.