Ciwon da gwaji ba ya gani: lacca kan zama da faibromayaljiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, 'yan uwa, barkanku da zuwa. Duk wanda zaman kujera ya dame shi ya miƙe ya jingina da bango, ba laifi, domin wannan ma yana cikin abin da ya tara mu.

Ga irin mai jinyar da muke magana a kanta. Yawanci mace ce, ko da yake maza ma suna kamuwa. Idan aka tambaye ta inda ke ciwo sai ta ce ko'ina: wuya, kafaɗu, baya, cinyoyi, dama da hagu. Takan ce ta tashi da safe kamar an yi mata duka, barcin da ta yi bai sauke mata gajiya ba. Tana ɗora tukunya ta manta, ana magana kalma ta ɓace mata a baki. An yi mata maganin maleriya da taifod ba adadi, an ɗauki hoton ƙashi, an ɗebi jini, komai lafiya lau. Daga nan sai 'yan gida su rabu biyu, wasu su ce sammu ne, wasu su ce ragwanci ne. Wannan cuta tana da suna, faibromayaljiya, kuma ana ƙiyasta cewa tana taɓa mutum 2 zuwa 4 cikin 100.

Matsalar ba a tsoka ko gaɓa take ba, shi ya sa hoto ba ya nuna komai. Tana cikin yadda jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon ciwo. Ku ɗauki rediyon da aka ƙure wa murya, raɗa ma sai ta fito kamar ihu. Haka jikin yake: ɗan matsi da wani ba zai ji ba, ita azaba take ji. Ciwon na gaske ne, ba ƙirƙira ba ce. Amma ba ya cin gaɓa, ba ya nakasa ƙashi, ba ya kai wa ga shanyewar jiki. Ku riƙe wannan da kyau, saboda tsoron "zan ƙara lalata jikina" shi ke kwantar da mutane da yawa.

A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta ce a danna wurare 18 a jiki, idan 11 sun yi zafi to ita ce. A 2010 aka bar wannan hanya. Yanzu likita yana duba yaɗuwar ciwon, ko ya kai wata 3, da gajiya, da barci, da mantuwa. Babu gwajin jini da ke tabbatar da ita. Ana yin gwaji ne don kore wasu cututtukan: ƙarancin jini, raunin tayirod (halittar wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo), sukari, ƙarancin bitamin D, kumburin gaɓoɓi. Idan an yi su sau ɗaya an ga lafiya, kada a ƙarar da kuɗin gida wajen maimaita su duk wata. Sai dai a koma asibiti da gaggawa in gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ana rama ba dalili, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya fara kufcewa. Waɗannan ba halin faibromayaljiya ba ne.

Yanzu mu zo inda na fi so mu daɗe. Abin da ya fi cutar da masu wannan ciwo shi ne ranar da suka ji sauƙi. Mace ta tashi jiki da dama-dama, sai ta ce bari in rama: ta yi wankin mako guda, ta share tsakar gida, ta yi tuwo, ta je barkar haihuwa. Washegari ba ta iya ɗaga kai, ta kwanta kwana uku. Kwanciyar ta raunana tsoka, aiki ya sake taruwa, ranar sauƙi ta gaba ta sake afkawa. Wata shida a haka, abin da take iyawa ya ragu.

Maganinsa auna aiki da agogo, ba da jin jiki ba. Ki zaɓi aiki ɗaya, a ce wanki. Kwana uku ki duba minti nawa kike yi kafin ciwon ya fara hawa. A ce ranar farko 30, ta biyu 20, ta uku 25. Matsakaicinsu 25 ke nan. Ki cire kashi ɗaya cikin biyar, ya rage 20. To minti 20 shi ne ma'auninki. Ki saita ƙararrawar waya, da ta buga ki tsame hannu daga bahon, ko da saura riga biyu, ko da kina jin ƙarfi. Ki huta minti 10, ki canza zuwa aikin zaune kamar tsintar shinkafa, sannan ki dawo. A ranar da jiki ya yi nauyi ma ki yi ƙoƙarin cika minti 20 ɗin. Idan mako ya wuce ba tashin ciwo, ki ƙara minti 2. Wurin da ake faɗuwa guda biyu ne: jira sai ciwo ya ce a tsaya, wanda a lokacin an riga an makara, da kuma ninka lokacin gaba ɗaya saboda an ji daɗin mako guda.

Ku gyara yadda ake aikin ma. A ɗora bahon wanki a kan benci maimakon a duƙa. A yi yanka da gyaran miya a zaune. Jarkar ruwa mai lita 25 a raba ta gida biyu ko uku. Daka a kai inji. Maigida mai shago ko tela kada ya wuce minti 30 a zaune bai miƙe ya taka ba.

Motsa jiki kuwa, a shawarwarin da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta sabunta, shi kaɗai ne ya sami goyon baya mai ƙarfi, ya sha gaban duk wata ƙwaya. Ba gudu ake nufi ba. A fara da tafiyar minti 5 a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ko da zagayen tsakar gida ne, da saurin da za ka iya magana ba haki. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako har a kai minti 20 zuwa 30, kwana uku a mako. A haɗa da tashi da zama daga kujera sau 5, da tura bango da hannu sau 5. Makonni biyun farko ciwo zai ɗan ƙaru, ba alamar ɓarna ba ce. Amma in ƙarin ya wuce yini guda, an yi yawa, a rage rabi a ci gaba, kada a daina. Amfanin yakan fara bayyana bayan makonni da dama, a yi haƙuri.

Barci: lokacin tashi ya zama ɗaya kullum. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro su tsaya daga la'asar. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Waya ta bar shimfiɗa. Wanka da ruwan ɗumi kafin kwanciya yana sassauta tsoka, musamman da hunturu. Mai minshari da ke shaƙewa cikin barci ya faɗa wa likita, wannan ciwo ne daban mai magani.

Sai magunguna, kuma a nan ina roƙonku ku saurara. Ibuprofen da diclofenac maganin kumburi ne, wannan ciwo kuma ba kumburi ba ne, shi ya sa ba sa yin wani abin kirki. Shan su kullum yana kawo gyambon ciki, yana lalata ƙoda. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis ya fi haɗari, domin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki: fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Tramol da kodin suna sa jiki ya saba, a ƙara yawa, daga baya su kansu su ƙara wa jijiyoyi jin ciwo. Kun ga abin da suka yi wa matasanmu, har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018.

Waɗanda ke taimaka wa wasu su ne masu rage ƙarar jijiya. Amitriptyline akan fara da miligiram 10 da dare, a sha awa biyu ko uku kafin barci don kada a tashi da maye. Yana busar da baki, yana iya ɗaure ciki, kuma sai an yi makonni kafin a yanke hukunci a kansa. In kin ji an ce ai maganin damuwa ne, kada ki jefar, a wannan ƙaramin awo don ciwo da barci aka ba ki. Akwai duloxetine, akwai pregabalin da Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2007, amma yana sa jiri da ƙiba, shi ma ana sabawa da shi. Duk likita ne zai rubuta, ba a daina su farat ɗaya, ba a haɗa su da tramol, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun farko. Ko sun yi aiki, rage ciwo suke yi, ba kawar da shi ba.

Ranar da ciwo ya tashi, kuma za ta zo ko an kiyaye komai, a rage aiki zuwa rabi na kwana biyu ko uku, kada a kwanta ɗungurungum. A sa tawul mai ɗumi minti 15 a inda ya fi tsanani, a ja numfashi a hankali, a rubuta abin da ya gabata: rashin barci ne, biki ne, ɓacin rai ne, ko al'ada? Bayan wata biyu takardar za ta nuna miki abin da ke tayar da naki. In baƙin ciki ya yi nauyi har ana jin rayuwa ba ta da amfani, a faɗa wa likita a ranar, akwai taimako.

Mazaje da surukai, wadda ta yi dariya a gidan suna jiya ta kasa tashi yau ba yaudararku take ba, halin ciwon ke nan. Ku raba mata aikin, kada ku karɓe shi duka.

Wata Hajiya ta yi tambaya game da yadda mai wannan ciwo za ta yi salla da azumi. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito a bayyane yake: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Azumi kuma, mai shan amitriptyline da dare ba ya buƙatar canza komai, amma mai shan magani sau biyu a yini ta je wurin likitanta kafin watan ya kama a daidaita mata lokutan da buɗa baki da sahur.