An Rubuta Mu, Mu Ne Ba Mu Karanta Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhin yau wata magana ce ta jawo shi, wadda wani matashi ya faɗa mini ranar Talata a rumfar mai shayi a kasuwar Gadarif, nan gabashin Sudan, kuma har yanzu tana ci mini rai. Ɗalibin jami'a ne, yaƙi ya koro shi daga Khartum tare da iyayensa. Ya ga littafi a hannuna, ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, don Allah a wannan hali da ake ciki, me littafi zai tsinana wa mutum? Kuma ko an karanta, ai mu Hausawa babu mu a littattafan ƙasar nan." Waɗanda ke zaune suka gyaɗa kai, har da masu furfura. Gyaɗa kan nan ya fi maganar yaron ɓata mini rai.

Rabin farko na maganarsa ba zan daɗe a kai ba. Na san ana yaƙi. Tun 15 ga Afrilu 2023 babu gidan da bai ɗanɗana ba, kuma ba ni ne zan ce wa mai jin yunwa ya ci takarda ba. Amma in littafi ba ya tsinana komai, me ya sa hukuma ta kwashe littattafan Abdul'aziz Baraka Sakin daga baje kolin littattafai na Khartum a 2012? Me ya sa a shekara ta 2000 gwamnati ta rikice saboda wani ɗan littafi marar sunan marubuci, Al-Kitabul Aswad, da aka riƙa rabawa a ƙofofin masallatai? Ba harsashi a cikinsa. Lissafi ne kawai na ministoci da manyan muƙamai tun daga 1956, da yankin da kowannensu ya fito. Masu mulki sun san nauyin littafi sarai. Talaka ne kaɗai ake so ya yarda cewa ba shi da amfani. Wannan ke nan.

Rabi na biyu shi ne abin da ya kawo ni. Wai babu mu a cikin littattafai. Ɗana, akwai mu. An rubuta mu, mu ne ba mu karanta ba.

A 1972 jami'ar Khartum ta buga littafin Umar al-Naƙar a kan al'adar tafiya aikin hajji daga Afirka ta Yamma, hanyar da kakanninmu suka bi a ƙafa da jaki, shekara da shekaru, suna noma a hanya suna ci gaba. A 1981 wani Bature ɗan Ingila, Mark Duffield, ya fitar da littafi sukutum da sunan garin Mai Wurno, bayan ya zauna a cikin mutanen garin ya ga yadda suke noma da fatauci da tuƙin lori. A 1995 Bawa Yamba ya buga nasa a kan ƙauyukan Hausawa na Jazira. A 1999 Farfesa Al-Amin Abu Manga na jami'ar Khartum ya rubuta littafi a kan Hausar Sudan kanta, wannan da nake muku magana da ita, da yadda Larabci ya shige ta. A Jamus aka buga shi. Duka huɗun da Turanci suke. Nawa ne a cikinmu suka taɓa riƙe ɗaya daga ciki? Ni dai na tambayi malaman makaranta da 'yan boko da dama a garin nan, waɗanda suka taɓa jin sunayensu ma ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

To me ke cikinsu da har nake ta da jijiyar wuya? Akwai amsar tambayar da ake jefa mana tun muna yara a layin neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa: yaushe kuka zo?

Ku saurara da kyau. Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira ya nufi gabas da dubban jama'a, aka yi yaƙin Burmi a Yuli na shekarar, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har bakin Nil Azrak, kudu da Sinnar, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har gobe. Kafin su ma akwai Takari, wato mutanen Afirka ta Yamma, a Gallabat tun ƙarni na 19, akwai malamai da mahajjata da suka zauna a Darfur da Kurdufan. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman auduga na Jazira, hannun wa aka nema wajen tsinkar auduga? Amma da aka zo rubuta dokar wanene ɗan Sudan a 1948, sai aka ja layi a ranar 31 ga Disamba 1897. Wanda kakansa na wajen uba bai zauna a ƙasar nan tun daga ranar ba, sai ya nemo hujja. Ku lissafa da kanku: tsakanin 1897 da 1903 shekara shida ce. Shekara shida ta sa jikan mutumin da ya sare daji ya kafa gari yake tsayawa a gaban akawu yana rantse-rantse. An sauya dokar daga baya, amma tabonta bai goge daga zukatan mutane ba.

Wannan duk a rubuce yake. An rubuta, mu ne ba mu karanta ba. Shi ya sa da rikici ya ɓarke a Damazin da Rusairis a Yuli 2022, sannan a Wad al-Mahi a Oktoba, aka rasa ɗaruruwan rayuka a kan batun ƙasa da sarautar gargajiya, kalmar da aka fi jifan mutanenmu da ita ita ce baƙi. Matasanmu suka fito tituna a Kasala da Gadarif da Khartum da zafin zuciya, kuma suna da gaskiyar yin fushi. Amma na saurari da yawansu a wancan lokaci: ana tambayarsu shekara, sai su ce "tun da daɗewa". Tun da daɗewa ba hujja ba ce a gaban wanda ya zo da takarda. Ba ina cewa littafi zai tare adda ba. Ina cewa bayan an binne gawa an zauna teburin sulhu, wanda ya san shekara da suna da wuri shi ake saurara.

Kada a ɗauka duk abin da aka rubuta a kanmu na yarda da shi. Littafin Yamba ya daɗe yana damuna. Sunansa ma, in aka mai da shi Hausa, shi ne mahajjata na dindindin. Abin da ya gani shi ne mutanen da aka haife su a nan, aka haifi iyayensu a nan, wasu har kakanni, amma in ka tambaye su sai su ce suna kan hanyar Makka. Ƙarya ya yi? A'a. Ni da kunnena na ji tsofaffinmu suna faɗin haka, kuma na san daga tsoron Allah maganar take fitowa, daga ganin duniya duka zango ce. Amma ka ɗauki wannan kalma ka miƙa wa wanda ke hararar gonarka, me zai ce? Zai ce ai ku da bakinku kun ce wucewa kuke yi. Ban san ko marubucin ya hango haka ba. Abin da na sani shi ne tun 1995 littafin ya fito, kuma ban ga ɗanmu da ya zauna ya ba shi amsa da Hausa ba, ya ce tsohon da ke cewa yana kan hanya shi ne ya haƙa rijiyar garin, ya dasa bishiyar da kake zaune a inuwarta, ya binne iyayensa a maƙabartar bayan gari. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ya yi shiru.

Sai littattafan ƙirƙira, waɗanda wasu dattawanmu ke ce wa tatsuniyar Turawa. Ɗayyib Salih ya fitar da Mausimul Hijra ilash Shamal a 1966, kuma saboda shi yau akwai ɗalibai a Ingila da Amurka da suka san wani ƙauye a lanƙwasar Nilu, da dabinonsa da tsofaffinsa, kamar sun taɓa kwana a can. Ƙauye ɗaya, alƙalami ɗaya. Baraka Sakin kuma, ɗan Kasala, ya rubuta Al-Jango Masamirul Ard a kan leburorin kaka na gabashin nan, masu yankan riɗi da dawa da ke zuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar, har ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009 kafin a hana sayar da shi. Akwai shafukan da ba zan karanta a gaban surukina ba, na faɗa a fili. Amma duk wanda ya taɓa kwana a kambo, wato sansanin leburorin gona, lokacin yankan riɗi zai gane ƙurar da ke cikin littafin nan. Gonakin da yake magana a kai su ne waɗanda 'ya'yanmu ke tafiya kowace kaka. To ina namu labarin? Ina littafin Mai Wurno? Ina labarin matar da ta taso daga Kano da goyo ta iso Madani goyon ya zama saurayi? Sudan duka tana cin agashe, tana kiransa da sunansa na Hausa. Sudan duka ta san muryar mawaƙiyarmu A'isha al-Fallatiyya tun rediyon Omdurman yana sabo. Mun shiga bakin mutane da kunnensu, mun kasa shiga kantar littafinsu da hannunmu.

Kuma kada wani ya ce mini mu ba mutanen alƙalami ba ne. Wannan ita ce maganar da ba zan iya haƙuri da ita ba. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta Infaƙul Maisur a 1812, yana tsakiyar yaƙi da gina daula. Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar Tazyinul Waraƙat. Waɗanda suka tsira daga Burmi sun bar dukiya a hanya, amma gafakar littafi ba ta sauka daga kafaɗarsu ba. Jikokinsu ne yau ke gyaɗa kai a rumfar shayi wai littafi ba ya tsinana komai.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. A farkon yaƙin nan wuta ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir a jami'ar Ahliyya ta Omdurman, da takardun da ba su da na biyu. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa a tsakiyar Khartum, inda ɗalibi ke samun na kuɗi kaɗan, sun watse. Tsofaffinmu da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma daga 'yan bokonmu nake nema, ku da kuka iya Turanci da Larabci, na nan da na Jidda da na Makka. Mutum ɗaya ya ɗauki littafi ɗaya daga cikin huɗun nan ya mai da shi Hausa, ko babi guda ne, ko da murya ce a waya ana turawa. Wanda ke da kaka a raye ya zauna gabanta yau ya ɗauki maganarta, ya tambaye ta sunayen zangon da suka sauka. Wanda ke da tsofaffin takardun ajami a akwati ya ɗauki hotonsu kafin gara ko wuta ta riga shi.

Shi kuma ɗan nawa na rumfar shayi, in yana saurare, littafin da ya gani a hannuna na bar masa shi a wurin mai shayin. Ya je ya karɓa. Ranar Talata zan dawo, kuma zan tambaye shi abin da ke shafin farko.