Nurofidbak: Yadda Ake Horar da Ƙwaƙwalwa, da Inda Aikin Ke Lalacewa

Assalamu alaikum masu kallo. Layin nan da kuke gani yana hawa yana sauka a kan allo, wutar lantarki ce da ake ɗaukowa daga kan mutumin da ke zaune a kujera, an manna masa waya a bayan kai. Ku lura da kyau, yanzu zai rufe ido. Kun ga layin ya kumbura, ya zama tudu-tudu masu tsari, wajen goma a kowane sakan? Igiyar alfa ke nan. Ya buɗe ido, ta lafa. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan sigina daga ɗan Adam a garin Jena a 1924, ya wallafa sakamakon a 1929. A kan wannan awon, wanda asibitoci ke kira EEG, aka gina nurofidbak, wato horar da ƙwaƙwalwa ta hanyar ba ta lada a kan siginarta, wanda ake nema don sauƙin matsaloli irin su damuwa da rashin barci.

Na'urar ba ta tura wuta cikin kai, saurare kawai take yi. Kuma ba ta karanta tunani. Tsakanin wayar da ƙwaƙwalwa akwai fata, akwai ƙoƙon kai, akwai ruwa, don haka abin da ke isowa waje hayaniyar miliyoyin ƙwayoyin jijiya ce a haɗe. Kamar ka tsaya bayan katangar kasuwa ne: ba za ka ji cinikin mutum ɗaya ba, amma za ka gane ko kasuwa ta cika ko ta fara watsewa. Ƙarfin siginar bai fi maikrobolt 10 zuwa 100 ba, maikrobolt ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Ku riƙe wannan ƙanƙantar, domin kusan duk matsalar da za mu ambata daga gare ta take.

Kwamfuta tana rarraba siginar gwargwadon saurinta. Mai bugawa ƙasa da sau 4 a sakan ita ce delta, ta barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 8 teta, tana yawaita in gyangyaɗi ya fara. Daga 8 zuwa 12 alfa, ta mutumin da ke farke amma ba ya aikin ido. Daga 13 zuwa 30 beta, ta lissafi da mai da hankali.

Horon kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana zaɓar igiya ɗaya, a ja mata layi. Duk lokacin da ƙarfinta ya haye layin, sai wani sauti mai daɗi ya tashi, ko hoton da ke allo ya ƙara haske. In ta faɗo, sauti ya ɗauke. Ba a gaya wa mutum yadda zai yi. Ana sa ran ƙwaƙwalwa za ta riƙa komawa yanayin da ya kawo lada, sannu a hankali. Joe Kamiya ya fara gwada wannan da alfa a Jami'ar Shikago a ƙarshen shekarun 1950. A shekarun 1960 kuma Barry Sterman, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya koya wa kyanwoyi ƙara wata igiya mai bugun 12 zuwa 15 da ke fitowa idan jiki ya tsaya cak alhali hankali na farke, ana kiranta SMR. Daga baya aka yi gwajin wani man roka mai jawo farfaɗiya, sai aka ga kyanwoyin da suka sha horo sun fi sauran juriya. Daga nan aka shiga gwada horon a kan mutane.

To mu je ɗakin horo. Abu na farko awon kai ne da tef irin na tela. Ana aunawa daga kwarin da ke saman hanci, tsakanin idanu, a bi ta tsakar ka zuwa ɗan tudun ƙashin da ke ƙeya. A ce an sami santimita 36. Rabinsa, santimita 18, in ya haɗu da tsakiyar layin da ya taso daga kunne zuwa kunne, nan ne wurin da ake kira Cz, inda aka fi yin horon SMR. In aka ƙara kashi 20 cikin ɗari zuwa baya, wato wajen santimita 7, an iso Pz, inda alfa ta fi fitowa sosai. Wannan tsarin awo na 10-20 tun 1958 ake amfani da shi. Mai horon da ke ɗora waya da ƙiyasin ido kawai, yau nan gobe can, ba zai iya kwatanta sakamakon zama biyu ba.

Sai a buɗe gashi har a ga fata, a goge wurin da wani mai mai ɗan kaushi irin Nuprep, a cika ilektorod, wato ɗan kofin da ke bakin wayar, da man manna irin Ten20, a danna shi a kan fata. Ana maƙala wasu biyu a kunnuwa, wajen da ake huda ɗan kunne: ɗaya ta zama ma'aunin kwatance, ɗaya ta rage hayaniya. Kafin a fara dole a duba turjiyar fata a allo. Ana son ta sauko ƙasa da kilo-om 10, masu tsanantawa ma sukan nemi ƙasa da 5. A nan ne gashi mai kauri da murɗewa ke ba da aiki, domin yana ɗaga kofin daga fata, man kitso kuma yana toshe hanyar wuta. Shi ya sa ake cewa a wanke kai, kada a shafa mai ranar zama. Mai kitso ta fi samun sauƙi idan tsagar ta bi ta wurin da za a manna wayar.

Daga nan a ɗauki awon tushe: minti biyu zuwa uku ido buɗe, minti biyu zuwa uku ido rufe, ba tare da wani lada ba. Wannan awon yana nuna inda alfar mutumin ta fi ƙarfi. Yawancin manya tana kusa da 10, amma ta tsofaffi da ta yara takan yi ƙasa da haka. In aka ɗora wa kowa 8 zuwa 12 ba tare da dubawa ba, za a iya ba wani lada a kan igiyar da ba ita ake nufi ba. Horon kuma gutsure-gutsure ake yi, minti uku zuwa biyar, a huta kamar minti ɗaya, jimilla minti 20 zuwa 30. Zama biyu ko uku a mako, yawanci zama 20 zuwa 40.

Yanzu ga inda aikin ya fi lalacewa. Ku dubi allon: mutumin nan ya cije haƙora. Layin ya yi baƙi ƙirin da tsini-tsini. Wannan ba ƙwaƙwalwa ba ce, naman muƙamuƙi ne, kuma wutarsa ta ninka ta ƙwaƙwalwa. Tana zuba ne daidai inda beta mai sauri take, daga wajen 20 zuwa sama. Saboda haka in aka ce wa mutum betarsa ta yi yawa, alamar damuwa ce, tambayar farko ita ce: an tabbatar ba goshi ya ɗaure ko wuya ya sandare ba? Ƙifta ido kuma yana jefa babban tudu a igiyoyi masu jinkiri, kwamfuta ta lissafa shi a matsayin delta ko teta. Gumi yana sa layin gaba ɗaya ya riƙa lilo a hankali, don haka ɗakin zafi ba wurin horo ba ne.

Akwai kuma wutar gida. A Najeriya da Nijar wutar layi tana bugawa sau 50 a sakan, a Amurka sau 60. Manhajar tana da matacin da ke cire wannan ƙara, amma na'urar da aka sayo daga Amurka takan zo a saite a kan 60. In ba a mayar da ita 50 ba, ƙarar tana nan cikin siginar. Janareta ya fi muni, don bugunsa yana kaiwa da komowa gwargwadon nauyin da ke kansa, matacin ba ya kama shi daidai. Mafita mai sauƙi: a zare cajar kwamfuta a yi aiki da batir, a nisantar da wayoyin daga inbata da fanka.

Me ya sa waɗannan suke da muhimmanci haka? Domin ƙwaƙwalwa ba ta san niyyar mai horo ba, abin da ke kawo sauti kawai take bi. In ɗaure goshi ne ke kawo lada, ɗaure goshi za a koya. In sakin ido ya daina kallon komai ne ke ɗaga alfa, kuma yana ɗaga ta, to shi za a ƙware a kai. Shi ya sa tsari mai kyau yake haɗa lada da birki biyu. A horon SMR, misali, ana ba da lada a kan 12 zuwa 15, amma sautin ba zai tashi ba muddin teta ta haura, alamar barci na zuwa, ko igiyar 22 zuwa 30 ta haura, alamar nama ya ɗaure.

Sai maganar layin lada. Akan saita shi yadda mutum zai ci kamar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na lokacin. Ya yi sauƙi da yawa, ba abin koyo. Ya yi wuya, mutum ya fusata, damuwar da aka zo ragewa ta ƙaru. Manhajoji da yawa suna da maɓallin da ke gyara layin da kansa duk bayan 'yan sakanni don ya tsaya a kashi 70 ɗin. Ku yi tunani a kai: alfa ta ƙaru, layi ya bi ta sama, alfa ta ragu, layi ya bi ta ƙasa. Ko mutum na ci gaba ko yana baya, ladan ɗaya ne. Ya fi dacewa a kafa layin daga awon tushe na ranar, a bar shi, sai tsakanin gutsure da gutsure a gyara da hannu. Kuma ladan ya zo nan take, cikin wani yanki na sakan. In ya yi jinkiri, an saka wa yanayin da ya riga ya wuce.

To shin yana aiki? Akwai sakamako masu ƙarfafa gwiwa. A 2003 Tobias Egner da John Gruzelier sun ba da rahoton cewa ɗaliban kwalejin kiɗa ta Royal College of Music da ke Landan da suka yi horon alfa da teta sun sami ƙarin maki daga alƙalan da ba su san wa aka horar ba. Amma irin waɗannan nazarin mutane kaɗan ne a cikinsu. Da aka zo gwaji mai tsauri, inda ake ba wasu ladan gaske, wasu na bogi, kuma babu wanda ya san rukuninsa, sai labari ya sauya. A 2017 Manuel Schabus da abokan aikinsa a Salzburg ta ƙasar Ostiriya sun gwada SMR a kan masu rashin barci: duka ɓangarorin sun ce sun ji sauƙi, na gasken bai fi na bogin ba. A shekarar dai, wani gwaji a Tübingen ta Jamus a kan manya masu larurar rashin tattara hankali ya ba da irin wannan sakamako. Tun a 1974 ma Martin Orne da David Paskewitz sun nuna cewa mutum na iya zama cikin fargabar jan wuta, zuciya na bugawa da sauri, alfarsa kuma ba ta ragu ba. Ke nan yawan alfa ba shi ne kwanciyar hankali ba.

Abin da za a iya faɗa da gaba gaɗi shi ne mutane da dama suna jin sauƙin damuwa, sai dai babban kaso na sauƙin na iya fitowa daga zaman rabin awa shiru ba waya a hannu, da kulawar mai horo, da sa ran warkewa. Kuma akwai mutanen da ko sun yi zama talatin igiyarsu ba ta motsawa.

Kambun kai na gida irin Muse yana da na'urorin ji huɗu, biyu a goshi biyu a bayan kunne, ba ya bukatar man manna. Yana da sauƙin sawa, amma goshi shi ne wurin da ƙiftawa da ɗaure fuska suka fi ɓata sigina, kuma bai kai Cz ko Pz ba. Ya dace da mai son abin da zai zaunar da shi minti goma kullum, ba da awon lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

Mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa bugun kai mai tsanani, da mai shan maganin taɓin hankali, kada su fara sai da sanin likitansu, kuma kada a ajiye magani saboda an fara horo. Ciwon kai, gajiya, saurin fushi ko rikicewar barci bayan zama alama ce a rage tsawonsa ko a sake duba tsarin. Goro, shayi da kofi suna rage alfa, saboda haka a riƙe al'ada ɗaya kafin kowane zama, a kuma riƙe lokaci ɗaya na yini.

Wanda zai biya kuɗi ya auna kansa tukuna. Akwai takardar tambayoyi goma ta awon damuwa da ake kira PSS, makinta daga 0 zuwa 40. A cike ta kafin zama na farko, a sake bayan na goma, a haɗa da rubuta awannin barci. A nemi mai horo ya nuna ɗanyen layin siginar, ba zanen maki kawai ba. A tambaye shi ko layin lada da hannu yake saita shi. Kada a ruɗu da alfar da ta hau daga farkon zama zuwa ƙarshensa, domin zama shiru kaɗai na iya kawo hakan. Abin dubawa shi ne gutsuren da aka kashe sauti da hoto, a ce wa mutum ya shiga yanayin da kansa. In bayan zama goma zuwa goma sha biyar ba ya iya motsa igiyar a wannan gutsuren, makin PSS kuma yana inda yake, babu dalilin biyan sauran ashirin ɗin. A wannan halin ya fi araha a gwada numfashi shida a minti, sakan biyar shaƙa sakan biyar fitarwa, minti goma zuwa ashirin kullum, a sake cike takardar bayan wata ɗaya.