"Da Sauƙi" Ta Kusa Cinye Min Haƙƙina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa, ya muka ji da sanyin Manchesta? Ku min afuwa a zaune zan yi magana, gwiwoyin nan yau sun ƙi ba ni haɗin kai.

Minti goma aka ba ni akan maganar kuɗin tallafin naƙasa da wannan awon lafiyar da hukuma take ta maimaita wa mutum, duk ka fara samun natsuwa sai ga ambulan mai ruwan ƙasa ta faɗo ta ƙofa. Na san a zauren nan akwai masu karɓa ba sa so a sani, ba wanda zan nuna, da kaina zan yi misali tunda ni kam na riga na zubar da kunyar.

Da yawanku kun san amosanin gaɓɓai nake fama da shi. Awona na farko lafiya lau, aka ba ni PIP, wato kuɗin tallafin naƙasa na gwamnatin Birtaniya, na shekara uku. Da lokacin sabuntawa ya zo aka turo fom ɗin nan AR1 na cike shi sharp sharp a tsaye a kicin, ko'ina na rubuta ba canji ba canji, sai aka kira ni awo ido da ido. Toh ni 'yar Kano, za a je gaban hukuma ai ba a zuwa a wulaƙance, na sa atamfata mai kyau na fesa turare, 'yata ce ta ja min zif ta ɗaura min ɗankwali don hannuna ba ya kaiwa kai, ita ta sa min takalmi ma, sannan na ce ta jira ni a waje wai kar yarinya ta ji sirrin uwarta. Ma'aikaciyar ta ce ya jiki, na ce da sauƙi, mun gode Allah. Kina iya girki? Ina taɓawa. Wanka fa? Nan na sunkuyar da kai na ce ina yi, alhali wallahi a lokacin kujerar roba nake sawa a banɗaki kuma sai an kama ni nake fitowa. Bayan makonni takarda ta zo, maki sifili. Na nemi kofin rahoton na karanta, an rubuta ta zo tsaf tsaf cikin shiga mai kyau, ta ce tana girki tana wanka da kanta. Ranar na yi kuka na yi fushi, amma da na huce sai na ga ai abin da bakina ya faɗa aka rubuta.

Wannan shine abin da ya kawo ni gabanku. Mu Hausawa ko mutum na gargara ka ce ya jiki zai ce da sauƙi, tarbiyya ce mai kyau kuma ba na so mu bar ta, amma wurinta gaisuwa. Wancan ɗakin lissafi ake yi. Faɗin abin da ba ka iyawa ba raki ba ne ba kuma butulci ga Ubangiji ba, malamai ga ku nan in na yi kuskure ku gyara min.

Bari in faɗi yadda lissafin yake don mutane da yawa sun ɗauka sunan cutar ake biya. A'a. Tun 2013 da PIP ta maye gurbin DLA, tsohon tallafin naƙasa, ga manya, abin da ake dubawa shine yadda ciwon ya taɓa rayuwarka ta yau da kullum. Abubuwa 10 ne a ɓangaren hidimar kai, girki, cin abinci, shan magani, wanka, banɗaki, sa kaya, magana, karatu, cuɗanya da mutane da sarrafa kuɗi, sai 2 a ɓangaren zirga-zirga. Kowanne ana ba shi maki a tara, maki 8 ƙaramin matakin biya, 12 babba, kowane ɓangare da nasa lissafin. A tafiya har mita suke ƙirgawa, mita 20 da mita 50 sune iyakokin da aka fi kallo, don haka kar ki ce ina ɗan zagayawa, ki auna daga ƙofarki zuwa inda kike tsayawa ki huta. Girkin ma ba tuwon mutum goma ake nufi ba, abinci mai sauƙi na mutum ɗaya ne, yanka albasa, buɗe gwangwani, ɗaga tukunya daga kan wuta ba ki ƙone ba.

Ga kuma wadda na so a ce na sani tun farko. A dokar, ba a cewa ka iya abu sai in kana yin sa ba haɗari, yana yiwuwa yadda ya kamata, kana iya maimaitawa duk sanda buƙata ta taso, kuma bai ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Sannan abin da yake samun ka a fiye da rabin kwanaki shi ake bi. Iyayen masu sikila dan Allah ku riƙe wannan, yaro yana cika 16 za a ce ya bar DLA da ake ba yara ya nemi PIP, kuma kun san sikila, yau yana ƙwallo gobe yana gadon asibiti, in ranar awon ta faɗo ranar da ya tashi garau ya ce komai yana yi shikenan an gama. Ku sai ɗan littafi ku riƙa rubutawa kullum, yau ciwo ya tashi ƙarfe nawa, me ya kasa yi, wa ya taimaka. Ni a waya nake yin nawa da murya 'yata ta kwafe.

Ban ce kowa ya yi ƙarya ba fa, kar a fita a ce Hajiya ta koya wa mutane dabara. Ƙarya haramun ce kuma a ƙasar nan laifi ce da ke iya kai mutum kotu. Gaskiya kawai, amma cikakkiya, har da wadda ake jin nauyin faɗa.

In kunya ce matsalar akwai mafita, mace na iya roƙon mace ta auna ta, kana iya neman tafinta, kana iya neman a ɗau zaman a rikoda in ka faɗa tun kafin ranar, kuma kana da damar shiga da mutum ɗaya ya zauna kusa da kai. Ko ta waya za a yi a sa a sifika ya zauna. Mai awon galibi nas ce ko mai gashin ƙashi ko makamancinsu, ba ita ke yanke hukunci ba, rahoto take tura wa DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho mai biyan kuɗin, can wani ya yanke, kuma tun daga yadda ka tashi daga kujera da yadda ka cire kwat ana lura.

Fom in ya zo wata ɗaya ne a mayar, in ba zai isa ba a buga waya a nemi ƙari kafin ranar ta wuce. Kar a tura asalin takardun asibiti, fotokofi, a rubuta lambar inshora ta ƙasa a kowane shafi, a karɓi shaidar aikawa a gidan waya kyauta ce. Kuɗinka yana ci gaba da shiga har sai an yanke hukunci, wannan ma ya rage fargaba.

In an hana ko an rage, wata ɗaya kake da shi ka ce a sake dubawa, in da uzuri mai ƙarfi ana iya karɓa har wata 13. In sun tsaya akan bakansu sai kotun ɗaukaka ƙara da fom SSCS1, ba ko sisi. Na san jin kalmar kotu kawai cikinmu ke ɗurar ruwa musamman mai tunanin takardun zama, amma teburi ne da mutum uku, alƙali da likita da wani masanin harkar naƙasa, kuma akasarin masu PIP da suka kai nan suna cin nasara. Ni Citizens Advice, ƙungiyar nan mai ba da shawara kyauta, suka taya ni rubutu, na shiga da 'yata wannan karon, likitan ya tambaye ni yaya nake sallah na ce a kujera, alwala fa, na ce wanke ƙafa sai an taimaka min, ina faɗa ina hawaye ita ma tana yi. Aka mayar min har da kuɗin baya. Jiran ne dai ba daɗi, watanni ne masu yawa, bacci ma gagarata ya riƙa yi, duk wanda yake cikin wannan hali ya faɗa wa likitansa, damuwar ma ciwo ce kuma tana shiga lissafi.

Abu biyu da suka shafe mu baƙi. Wanda bizarsa ta hana shi cin kuɗin gwamnati kar ya nema sai ya ga lauyan shige da fice, PIP tana cikin waɗanda aka hana. Sai masu zuwa gida ko Umra, in tafiyar za ta wuce sati 4 a sanar, kuma bayan sati 13 a waje kuɗin yakan tsaya sai dai in magani aka je, shi ana ɗaga ƙafa zuwa sati 26. Mu da in mun je gaisuwar mutuwa sai mun haɗa da biki uku da azumi. Mutanenmu na Gilasgo ku naku daban ne tun 2022, hukumar Sukotlan ke biya da nata tsarin.

Shugaba ga roƙona. Muna da kwamitin biki muna da na jana'iza, a yi mana na rakiya, mutum huɗu sun isa, mata biyu maza biyu, masu Turanci kuma masu riƙe sirri, wannan na biyun ya fi, don tsoron a ji a gari shi ke sa mutane tafiya su kaɗai. Aikinsu su taya cike fom su raka mutum ranar awo. Nawa sabuntawar ma tana tafe baɗi in Allah ya kai mu, ni ce zan fara neman 'yar rakiya. Na ajiye takarda a teburin shayi, mai so ya sa suna, wanda kuma yake buƙatar taimako kar ya rubuta komai, ya same ni a gefe bayan la'asar. Na ci muku lokaci, a yafe ni. Wassalamu alaikum.