Larabcin da ke shiga ba ka sani ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Akwai kukan da 'yan aji biyu da aji uku suke yawan kawo mini: "Malam, na tsaya cak. Bara ina jin ina ƙaruwa, bana kuwa shiru." To ni dai ban yarda kun tsaya ba. Ma'aunin da kuke auna kanku da shi ne yake da gyara.

Mu fara da lissafi. Gwamnatin Amurka tana da cibiyar da ke koya wa jami'an diflomasiyyarta harsuna kafin a tura su waje. A ƙiyasinsu, mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 2,200 a aji, wato mako 88, kafin ya iya aiki da Larabci. Faransanci kuwa wajen mako 30 ya ishe shi. Kuma waɗannan manya ne, ba su da wani aiki sai karatun, ga albashi yana shiga. Kai da kake samun awa 10 a mako, in ma ba a tafi yajin aiki ba, buga ka gani: sama da shekara 4 ke nan.

Gaskiya ne Bahaushe ya fi su sa'a. Tun a makarantar allo ya san baƙi da wasali, Hausar ma cike take da kalmomin Larabci. Amma wannan sa'ar ce ke ruɗinmu. Shekarar farko tana gudu saboda da yawa a gida muka taras da shi, sai mu ɗauka haka za a yi ta tafiya.

Kalmomin farko su ne masu dawowa a kowane layi, duk wadda ka riƙe yau gobe za ku gamu. Da ka wuce nan, kalmar da ka haddace ƙila sai bayan wata uku ka sake cin karo da ita a jarida, kuma lokacin ta gudu. Sai ranka ya ɓaci. To wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Ya riƙa haddace gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari ya manta, sannan ya sake haddacewa. Abin da ya gano shi ne, na biyun ba ya cin lokaci kamar na farko, ko da yana jin babu abin da ya rage a kansa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya ga irin wannan: a tsoma zane, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Tsomi ɗaya ba ya nuna bambanci, amma babu wanda ya tafi a banza.

Sannan kunne yana riga baki. Ka tuna ranar da ka fara kunna labaran Aljazeera, ƙara ɗaya kake ji tun daga farko har ƙarshe. Yanzu kana jin inda kalma ta ƙare, wata ta fara. Kana buɗe littafi marar wasali, ka wuce layi uku ba ka tsaya neman fa'ili da maf'uli, wato mai aikatawa da abin da aka aikata wa, ba. Liman ya yi rafa'a inda ya kamata ya yi nasabi, wato ya ƙare kalma da wasalin "u" maimakon "a", ka ji abin ya soke ka a kunne, ka dai yi shiru saboda ladabi. Babu mai ba ka maki a kan waɗannan, shi ya sa ba ka ƙirga su.

Ku da za ku tafi Ƙauyen Larabci na Ngala, cibiyar da ake tura ɗaliban Larabci su goge harshe, wanda matsalar tsaro ta mayar Maiduguri, ku shirya. Za ku ji Larabcin Shuwa a kasuwa, ku rasa kansa. Masu zuwa Azhar ma haka direban tasi zai yi musu a Alƙahira. Karin harshe ne daban da fusha, wato Larabcin littafi, shi ma sai ya ci nasa watannin.

Ga aikin da zan ba ku. Yau da dare kowa ya ɗauki wayarsa, ya naɗi muryarsa yana karanta shafi ɗaya marar wasali, sannan ya yi bayaninsa da Larabci na minti biyu. Sa kwanan wata, kada ka saurara. Bayan wata shida ka sake naɗar shafin nan, ka kunna su a jere. Wanda bai ji bambanci ba ya same ni a ofis da wayar, mu saurara tare.

Na ga hannu can baya. Bismillah, Malama.